Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Malamin Makarantar Da Aka Danƙa Wa Jarida

Daga Wakilinmu, Kaduna

Wajen ƙarshen shekarar 1938 ne wani matashin malamin makaranta ya ɗaure kayansa a Katsina ya nufi Zariya, domin ya kama wani aiki wanda bai taɓa koyonsa a wata makaranta ba, kuma babu wani ɗan Arewa da ya riga shi yi, balle ya je wurinsa neman shawara. Sunan wannan malami Abubakar Imam, shekarunsa kuwa 27 da haihuwa. Aikin da aka kira shi dominsa shi ne ya zama Editan Hausa na wata sabuwar jarida da Gwamnati ke shirin kafawa, watau Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a cikin watan Janairu na 1939.

Galibin jama'a sun fi sanin marigayin ta wajen littattafansa, musamman Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai ci karo da su ba. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ya kamata a waiwaya, watau yadda ya kama ragamar aiki a duk lokacin da aka ɗora masa sabon shugabanci. Sau da yawa aka ɗauke shi daga inda ya saba aka kai shi inda bai saba ba, daga aji zuwa ofishin jarida, daga jarida zuwa majalisa, daga majalisa zuwa Hukumar Ɗaukar Ma'aikata a Kaduna. Na farkon nan shi ne mafi wuya, domin jaridar ta Gwamnati ce, masu karatunta kuwa talakawan da Gwamnatin ke mulka ne, kuma tilas ne Edita ya sami amincewar kowane ɓangare kafin aikinsa ya ci sunansa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a cikin 1911 a garin Kagara, wanda ke cikin Jihar Neja ta yanzu. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka tun yana ƙarami aka sa shi karatun allo, ya kuma tashi yana jin yadda ake karanta littattafan Larabci ana fassara su da Hausa a zaure. Wannan tashi da ya yi a tsakanin malamai ya yi masa amfani ƙwarai daga baya, domin a nan ya fara sanin yadda ake ɗauko magana daga wani harshe a zuba ta cikin Hausa ba tare da ta yi ɗanye ba.

Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana koyarwa a Katsina, ta hannunsa ne kuma Abubakar ya shiga makarantar boko a can. A cikin 1927 ya sami shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda aka buɗe a 1922, kuma ita ce makaranta mafi girma a duk Arewa a wannan zamani. A nan ya tarar da Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, yana gabansa da shekara ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya shigo bayansa da shekara ɗaya. Da ya gama a 1932 sai aka tura shi Makarantar Midil ta Katsina yana koyar da Turanci.

A wancan lokaci matashin da ya fito daga Kwaleji ya kama aikin malanta a garin sarki irin Katsina ya sami abin da ake nema. Yana da albashi, yana da mutunci a fada, kuma hanya a buɗe take gabansa ya zama shugaban makaranta ko ɗan majalisar sarki idan ya yi haƙuri. Da a ce al'amura sun tafi yadda aka saba, da a nan Malam Abubakar zai ƙare aikinsa.

Yadda Aka Gano Shi

Tun 1929 Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantu littattafan Hausa cikin boko, daga baya aka mai da ita Hukumar Talifi, mazauninta a Zariya, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Dokta Rupert East. Da East ya ga fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba, sai a cikin 1933 ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai da kansu su aiko masa, aka sa gasa. Littattafai 5 aka buga daga abin da aka samu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Abin da ya ja hankalin East ga Ruwan Bagaja shi ne sauƙin Hausarsa da ban dariyarsa, musamman irin ramuwar gayyar da ake ta yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Marubucin yana ɗan shekara 22 kawai, amma ya san inda mai sauraro yake gajiya da inda yake son a ƙara masa. Saboda haka a cikin 1936 aka nemi aronsa daga Katsina. Da yake malaman Midil ma'aikatan En'e ne, sai da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yarda sa'an nan ya tafi Zariya, inda ya zauna wata 6 yana rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, mai ɗauke da labarai kimanin 80. An ajiye masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya riƙa karantawa yana zaɓen abin da ya dace, yana sa masa rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a Ƙasar Hausa abin ya faru.

Wata shidan nan ita ce makarantar da ta shirya shi domin aikin jarida, ko da yake shi kansa bai san haka ba tukuna. A cikinsu ya koyi aiki da wa'adi, ya koyi yadda ake gyara rubutu a sake gyarawa kafin a kai wa maɗaba'a, ya kuma saba da zama teburi ɗaya da Bature ana gardama a kan kalma guda. Da ya gama ya koma Katsina ya ci gaba da koyarwa, amma East ya riga ya san wanda zai nema idan babban aiki ya taso.

Abin Da Ya Tarar

Babban aikin kuwa bai daɗe ba ya taso. A cikin 1938 Turai ta ɗauki zafi, Hitila na Jamus yana ta neman a mayar wa ƙasarsa da ƙasashen Afirka da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai ji-ta-ji-ta ta bazu a kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamusawa domin a zauna lafiya. Gwamnati ta ga ba ta da wata hanya ta yi wa talakawan Arewa magana kai tsaye. Akwai wata jarida da aka fara bugawa tun 1932, Jaridar Nijeriya Ta Arewa, cikin Hausa da Larabci da Turanci, amma ba ta fitowa sai jefi-jefi, kuma yawancin abin da ke cikinta sanarwa ce ta hukuma. Wannan ne ya sa aka yanke shawarar kafa jarida sosai, a sayar da ita kwabo ɗaya, aka kuma raɗa mata suna wanda ya haɗa manufarta da kuɗinta.

Sabon Edita ya tarar da matsaloli iri-iri suna jiransa. Ta farko ita ce ƙarancin masu karatu. Waɗanda suka iya boko a Arewa ba su da yawa, mafi yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e da 'yan makaranta. Malaman zaure, waɗanda su ne jama'a ke sauraro, da ajami da Larabci suka saba, da yawa daga cikinsu kuma suna ƙyamar boko. Ta biyu ita ce rubutun kansa, domin ba a daɗe da tsai da ƙa'idojin rubuta Hausa cikin boko ba, haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ sababbi ne a idon mutane, ga kuma bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina. Ta uku ita ce rashin kalmomi, domin labarin jiragen yaƙi da majalisun Turai da cinikin duniya ba a taɓa rubuta shi cikin Hausa a kai a kai ba.

Matsala ta huɗu ta fi waɗannan duka nauyi, ita ce matsayin Editan kansa. Sunan muƙaminsa Editan Hausa, a samansa kuwa akwai Turawa, su ne ke riƙe da kuɗi, su ne kuma ke da magana ta ƙarshe. A tsarin aikin Gwamnati na wancan zamani Turawa suna da nasu matakin albashi da gidaje, 'yan ƙasa suna da nasu can ƙasa, komai nauyin aikin da suke ɗauke da shi. Amma idan jarida ta fito da abin da ya ɓata wa wani sarki ko hakimi rai, sunan da aka sani a gari na Malam Abubakar ne. Idan kuma ta yabi Gwamnati fiye da kima, shi ne 'yan'uwansa 'yan boko za su kira ɗan koren Turawa. Ya zama dai yana ɗauke da alhakin aiki ba tare da cikakken iko a kansa ba, wannan kuwa hali ne da mutane da yawa suke samun kansu a ciki idan aka naɗa su shugabanci a kamfanin da wasu ne masu shi.

Yadda Ya Riƙe Aikin

Abin da Malam Abubakar ya fara yi shi ne ya riƙe abin da ya fi kowa iyawa a ofishin, watau harshe. Ya ƙi yarda jarida ta zama fassarar takardun hukuma kalma bayan kalma. Ya riƙa rubuta labari kamar yadda dattijo zai ba da shi a zaure, da karin magana inda ya dace, da misali daga gona ko kasuwa ko fada, har wanda bai taɓa ganin teku ba ya fahimci abin da ake faɗa game da jiragen ruwa. Da yake ya yi shekaru yana koyarwa, ya san cewa abin da ba a gane ba kamar ba a faɗe shi ba ne. Ya kuma lura cewa jarida ɗaya ba mutum ɗaya ke karanta ta ba, wanda ya iya boko shi ke karanta wa jama'a da ƙarfi a ƙofar gida ko a rumfar kasuwa, saboda haka ya riƙa rubutu domin kunne kamar yadda yake yi domin ido. Don a jawo malaman zaure kuma, an riƙa sa wata 'yar takarda cikin ajami a tsakiyar jaridar, ana kiranta 'Yar Gaskiya.

Abu na biyu shi ne ya buɗe ƙofa ga masu karatu. Filin wasiƙu ya zama wurin da malamin makaranta a Bauci, ko magatakarda a Bidda, ko ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaduna zai rubuto abin da ke damunsa ya ga an buga, wani kuma daga wani lardi ya ba shi amsa. Kafin wannan lokaci mutumin Arewa ba shi da inda zai kai kukansa sai wurin mai unguwa, daga nan zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki, idan kuwa kukan a kan ɗaya daga cikinsu ne, to, sai ya haɗiye. Ta hanyar wasiƙun nan 'yan boko na larduna dabam-dabam suka fara sanin juna, suka kuma gane cewa damuwarsu iri ɗaya ce. Shi kuma Edita ya sami abin da babu wani Razdan ko Di'o da yake da shi, watau sanin abin da mutane ke faɗa idan babu mai sarauta a kusa.

Jaridar ba ta cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, a cikin watan Satumba na 1939. Aka kwashi samarin Arewa da yawa aikin soja, suka yi yaƙi da Italiya a Habasha, daga baya kuma suka ƙetare teku zuwa Bama suka kara da Japan. Da yake Hausa ce harshen bariki, jaridar ta zama igiyar da ta haɗa sojan da ke can da danginsa da ke gida. A gida kuwa Gwamnati tana matsa wa jama'a su ƙara noman gyaɗa, su tafi haƙar kuza a Jos, su ba da gudummawar yaƙi, ga tsadar tufafi da gishiri da kananzir. Babu shakka Gwamnati ta yi amfani da jaridar wajen yaɗa manufarta ta yaƙi, Editan kuma bai ɓoye goyon bayansa ga Ingila a kan Jamus ba. Amma a cikin sharhinsa bai bar maganar gida ba. Ya yi ta faɗa da jahilci da lalaci da cin hanci, yana kira ga iyaye su kai 'ya'yansu makaranta, yana kuma jan kunnen masu riƙe da jama'a.

Mai karatun da ya san littafi na uku na Magana Jari Ce zai tuna cewa Waziri Aku ne yake koya wa ɗansa Fasih yadda ake zama da sarakuna da yadda ake faɗa musu magana ta shiga. Irin wannan dabara ce marubucin ya yi aiki da ita a ofis. Ya san lokacin da zai nannaɗe magana cikin labari, da lokacin da zai faɗe ta a fili.

Tafiya Ingila

Lokacin faɗa a fili ya zo a cikin 1943. Ana tsakiyar yaƙi, hukumar British Council ta gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma 8 su ziyarci Ingila, daga Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Malam Abubakar Imam shi kaɗai ne ɗan Arewa a cikinsu. A cikin tawagar akwai Dokta Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot ta Ikko, wanda ya shirya wata takarda da za a miƙa wa Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka. Takardar ta dogara ne da Yarjejeniyar Atlantika wadda Churchill da Roosevelt suka ƙulla a 1941, tana neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai a cikin shekara 15.

Malam Abubakar ya ƙi sa hannu. Hujjarsa ita ce mutanen Arewa ba su aiko shi da wannan saƙo ba, ba a kuma yi shawara da su ba, sa'an nan a ganinsa Arewa, da ƙarancin masu ilmin zamani da take fama da shi, idan aka yi gaggawa za ta fita daga hannun wani ne ta faɗa hannun wani. Wannan ƙi ya jawo masa suka mai zafi daga 'yan kishin ƙasa na Kudu, har yau kuma masana tarihi ba su daina gardama a kansa ba. Wasu suna ganin ya ba Turawa abin fakewa, wasu kuwa suna ganin ya faɗi gaskiyar halin da Arewa ke ciki ne a ranar da babu mai faɗa.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka Editan ya gamsu da mulkin Turawa, amma abin da ya faru a cikin tafiyar ya nuna ba haka ba ne. Ta hannun Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, mutumin da ya buɗe makarantar boko ta farko ta Gwamnati a Nassarawa ta Kano, Malam Abubakar ya gana da tsohon Gwamna Lugga, wanda shi ne ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna a Arewa. Lugga ya tsufa ya bar aiki, amma maganarsa tana da nauyi a Landan. Malam Abubakar ya bayyana masa, da baki da kuma a rubuce, inda tsarin nasa ya karkace: Turawan mulki ba sa jin kowa sai sarakuna, talaka ba shi da hanyar kai kuka, ana zalunci da sunan En'e, samarin da Gwamnati ta ilmantar da kanta an bar su a gefe ana yi musu kallon marasa kunya, ilmi kuma ya yi ƙaranci ƙwarai. Abin lura a nan shi ne ma'aikacin Gwamnati ne yake wannan magana, wanda albashinsa da muƙaminsa suke hannun waɗanda yake kuka da su, zai kuma komo ya zauna a ƙarƙashin sarakunan da maganar ta shafa.

Lugga ya isar da bayanin ga sabon Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards. Ba a ce wasiƙun mutum ɗaya ne suka juya manufar Gwamnati ba, amma shekara biyu bayan tafiyar, a cikin 1945, aka tura rukunin farko na malaman Arewa ƙaro ilmi a Jami'ar Landan, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a 1947 kuma Majalisar Jihar Arewa ta fara zama a Kaduna. Labarin tafiyar kuwa ya rubuta shi cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

Kamfanin Gaskiya

A cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, East ne shugabansa, aka gina masa maɗaba'a da ofisoshi da gidajen ma'aikata, har unguwar ta ɗauki sunan kamfanin. Aikin da aka fara da 'yan mutane kaɗan ya zama ma'aikata babba mai buga jaridu da littattafai, a 1948 kuma ta fara fitar da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. Malam Abubakar ya zama babba a cikin 'yan ƙasa na kamfanin, a ƙarƙashinsa samari da dama suka koyi fassara da gyaran rubutu da aikin jarida, wasunsu kuma suka zama manya a Gwamnati daga baya.

Da siyasa ta kunno kai, riƙon jarida ya ƙara wuya. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a cikin 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, kafin ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Wajen 1950, lokacin da ake taron tsarin mulki a Ibadan, sharhin jaridar ya yi ta gargaɗin cewa idan Turawa suka tafi alhali ofisoshin Gwamnati da na jirgin ƙasa da na kamfanoni ba su da 'yan Arewa, to, mulkin kai ba zai amfani Arewa ba. Magoya bayan NEPU, wadda aka kafa a Kano a cikin watan Agusta na 1950, sun riƙa zargin jaridar da karkata wajen sarakuna da NPC, zargin kuwa ba a ce ba shi da tushe ba, tun da Editan kansa ya shiga majalisa a ƙarƙashin wannan jam'iyya a 1951, ya zauna a Majalisar Jihar Arewa da Majalisar Wakilai ta Ikko. A can ne a cikin 1953 ya kawo shawarar a buɗe ofis a Jidda domin kula da alhazan Nijeriya, a wannan shekara kuma ya sauke farali. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba ya bar ta, bayan ya riƙe jaridar fiye da shekara 10.

Aiki A Kaduna

Daga tsakiyar shekarun 1950 yawancin aikinsa ya koma Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa, ko da yake Zariya ce gida, yana kai da kawowa a kan hanyar nan da ta bi ta Katabu da Rigacikun da Kawo. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar cika ofisoshi da 'yan Arewa, aka sa Alhaji Abubakar Imam cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar. Ya koma Zariya na wani lokaci ya shugabanci Hukumar NORLA, mai buga littattafai da ƙananan jaridun larduna domin yaƙi da jahilci, kafin a rufe ta a 1959. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ya zama Shugaban Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, watau mutumin da aka taɓa ɗauko daga aji aka ba shi aikin da bai koya ba, yanzu shi ne ke duban samari yana zaɓen wanda za a danƙa wa ofis. Aiki ne mai jawo baƙin jini, domin kowane babba yana da ɗa ko ƙane da yake so a ɗauka, ga kuma gaggawar maye gurbin Turawa da mutanen da yawancinsu ba su daɗe da barin makaranta ba. Yana kuma cikin waɗanda aka kafa Jama'atu Nasril Islam da su a Kaduna a 1962.

Ran 1 ga Janairu 1966 jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna a madadin Nigerian Citizen, Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ta koma ƙarƙashin sabon kamfanin da ke kan Titin Ahmadu Bello. Mako biyu bayan haka aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, abokan karatunsa na Katsina. A cikin wannan shekara aka kafa Kamfanin Buga Littattafai na Arewa, NNPC, a Zariya, da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila, Alhaji Abubakar Imam yana cikin shugabanninsa na farko. Bayan an raba Nijeriya jihohi 12 a 1967 ya ci gaba da yi wa Jihar Tsakiyar Arewa aiki, wadda ta zama Jihar Kaduna a 1976, a cikin shekarun 1970 kuma aka naɗa shi Kwamishinan Jin Koke-koken Jama'a. Wannan muƙami ya dace da shi, domin sauraron kukan wanda ba shi da galihu shi ne abin da ya fara tun daga filin wasiƙun jarida fiye da shekaru 30 kafin nan.

Rasuwarsa

An ba shi lambobin girma na OBE da CON, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Ban da littattafan da aka ambata ya rubuta wasu a kan tarihin Musulunci da aikin Haji, ya kuma haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah a kan ilmin halittu. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga watan Yuni 1981, yana da shekara 70. A cikin 1989 kamfanin NNPC ya buga tarihin rayuwarsa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tattara ya shirya.

Duk wanda aka kira ya riƙe wani ofis ko kamfani a karo na farko zai sami abin dubawa a cikin shekarun marigayin na farko a Zariya. Ya fara da abin da ya iya, ya koyi sauran a hannun waɗanda ya tarar, ya nemi hanyar jin abin da na ƙasa ke faɗa, sa'an nan da dama ta samu ya isar da shi ga na sama, ko da yake hakan na iya jawo masa asarar aikin. Allah ya jiƙansa da rahama, ya kyauta makwancinsa, ya albarkaci bayansa, amin.